Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kuɗin Asibitin Ƙauyenmu Suke Maƙalewa?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin Jihar Katsina. Muna da ƙaramin asibiti da wani ɗan majalisa ya gina mana, an yi masa fenti, har da allo mai ɗauke da sunansa. Amma ma'aikaci ɗaya ne ke zuwa, shi ma daga cikin gari, kuma da an yi azahar ya rufe ya tafi. In ka kai yaro yana zazzaɓi sai a rubuta maka takarda a ce ka je kemis. Mace kuwa in naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, sai a shiga neman babur ko a-kori-kura zuwa babban asibiti. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kullum muna ji a rediyo an ware biliyoyin naira don kiwon lafiya, kuma masu ɗigon foliyo ba su taɓa fashin zuwa ƙofar gidajenmu ba. To ina kuɗin suke tsayawa? Wane ne ke da alhakin wannan asibiti, kuma wa za mu tunkara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma ba marasa lafiyarku sauƙi. Bari in fara da maganar mai alhaki, domin in ba a warware ta ba, zancen kuɗin ba zai fito fili ba.

A Najeriya an raba kiwon lafiya hawa uku. Gwamnatin tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Jihohi ke da manyan asibitocin gari, waɗanda muke kira janar. Ƙananan asibitoci irin naku, na shan magani da awon ciki da rigakafi, su aka bar wa ƙananan hukumomi. Wannan rabo ya kankama ne a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yaran da ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya ɗauko matsayar taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai lafiya kusa da inda mutane ke zaune, ya fara gwaji da ƙananan hukumomi 52, daga baya aka miƙa wa dukkansu ragamar. Niyyar ba ta da aibu. Sai dai an ɗora kaya mafi nauyi a kan wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi. Cututtukan da suka fi ɗauke mana yara da mata, wato zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ƙyanda, tamowa da zubar jini wajen haihuwa, a ƙaramin asibiti ake tare su tun ba su yi nisa ba. Kuma ƙaramar hukumar da aka ce ta tare su ba ta ma riƙe da jakarta. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kasonta na wata-wata ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya rage bayan gwamna ya gama cire-cirensa shi ake kai wa ciyaman, yawanci albashi kawai yake biya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, amma aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, kuma hukunci ba ya mayar da ma'aikacin da ya riga ya bar ƙauye.

Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama asibiti ɗaya yana da iyayen gida barkatai. Albashi daga ƙaramar hukuma, canjin wurin aiki daga hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi, magani daga ma'aikatar lafiya ta jiha, allurar rigakafi daga Abuja, gini daga ɗan majalisa, firij daga wata ƙungiyar agaji. In rufi ya yi yoyo kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. Jigawa ta nemi mafita a 2007 da tsarin Gunduma, ta tattara ƙanana da matsakaitan asibitocinta ƙarƙashin gundumomi 9. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da manufar haɗe duk harkar lafiya matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, aka ce kowace jiha ta kafa hukuma guda da za ta riƙe ma'aikata da kuɗi da kayan aiki. Saboda haka a yau, Malam, ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiharku, kuma tana da wakili a sakatariyar ƙaramar hukumarku, shugaban sashen lafiya. Ɗan majalisa kuwa, daga ranar da aka yanke zare aka tafa, doka ba ta ɗora masa ko ƙwayar farasitamol ba.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin a ganina nan ne gizo ke saƙa. Gini abu ne da ake biya sau ɗaya, a ɗauki hotonsa, a rubuta suna a jikinsa, kuma akwai kwangila a ciki. Albashin ungozoma da kuɗin magani da man janareta kuwa, kowane wata ake biya har abada, ba a kiran 'yan jarida, ba wanda ke samun la'ada mai tsoka. Duk ɗan siyasar da aka ba zaɓi tsakanin biyun ka san wanda zai ɗauka. Ba yau aka fara ba: shirin lafiya na shekarun 1975 zuwa 1980, lokacin da kuɗin fetur ke ambaliya, shi ma a gine-gine ya ƙare. Sakamakon shi ne ƙasar na da ƙananan asibitocin gwamnati kimanin 30,000, amma ƙiyasin da hukumomi da kansu suka daɗe suna ambata shi ne kusan ɗaya cikin biyar ne ke aiki yadda ya kamata. Sau da yawa ɗan majalisa kan gina asibiti ba tare da ya tambayi hukumar lafiya ko tana da ma'aikacin da za ta tura ba. Sai a ciro mutum ɗaya daga asibitin da ke da uku a kai sabon, a wayi gari asibiti biyu ne ba sa kwana a buɗe maimakon ɗaya mai kwana. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Yanzu ga kuɗin. Biliyoyin da kake ji gaskiya ne, amma sai an auna su da yawan jama'a da kuma abin da aka yi alkawari. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce kowace ƙasa ta riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Mai masaukin baƙin ba ta taɓa cika wannan alkawari ba; kason lafiya a kasafin tarayya ya fi yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Cikin wannan ɗin ma, kaso mafi tsoka albashi ne na asibitocin koyarwa da hukumomin da ke birane. Sannan akwai tazara tsakanin abin da majalisa ta amince da shi da abin da baitulmali ya saki. Rediyo na faɗin na farko ranar da aka gabatar da kasafi, na biyun kuwa ba a yi masa shela. Jihohi da dama a Arewa sun kai ko sun kusa kai kashi 15 a takarda, abin a yaba ne, amma tambayar da ta fi dacewa a yi wa kwamishina a ƙarshen shekara ita ce nawa aka saki, kuma nawa ne daga ciki ya wuce babban birnin jiha. Giɓin da aka bari ku ne ke cike shi. Cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, fiye da naira 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa take fita. Akuyar da aka sayar da buhun geron da aka fitar kafin kaka, su ne babban asusun lafiyar karkara.

Akwai dai asusu guda da aka tsara musamman don irin asibitinku, kuma yana da kyau ka san shi ciki da waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta kafa Asusun Samar da Lafiya Matakin Farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a ƙara da gudummawar masu agaji. Ta kuma fayyace rabonsa: rabi ya tafi biya wa talakawa inshorar lafiya, kashi 20 magani da rigakafi da kayan aikin yau da kullum, kashi 15 gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 horar da ma'aikata, kashi 5 agajin gaggawa. Shekara huɗu dokar ta yi a ajiye ba a sa mata ko kwabo ba. Sai a kasafin 2018 aka ware naira biliyan 55.1, kuɗin kuma suka fara motsi a 2019.

Abin da ya bambanta wannan asusu da sauran shi ne wani ɓangarensa ba ya bi ta hannun ciyaman ko kansila. Daga Babban Bankin Najeriya yake zuwa asusun hukumar jiha, daga nan ya faɗa asusun bankin asibitin kansa duk bayan wata uku. Mutum biyu ke sa hannu kafin a cire: shugaban asibitin, wanda ake kira incaji, da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutumin gari ne ba ma'aikacin gwamnati ba. Su zauna su tsara abin da za a yi, ko gyaran famfo, ko sayen magani, ko man babur na fita rigakafi ƙauyuka, ko ɗan alawus na mai shara da mai gadi, sannan su kawo rasit kafin a sake turo wani. A ra'ayina wannan shi ne tunani mafi kyau da aka yi wa lafiyar karkara tun bayan Ransome-Kuti, domin ya yarda cewa wanda ke cikin asibitin ya fi na Abuja sanin ko kwan fitila ne ya mutu ko sikeli.

To me ya sa ba ku gani a ƙasa ba? Dalili na farko, da aka fara shirin asibiti ɗaya aka zaɓa a kowace mazaɓa. Mazaɓun ƙasar sun kai kusan 8,800, Jihar Katsina na da 361. In mazaɓarku na da ƙananan asibitoci huɗu ko biyar, ɗaya ne aka fara sawa cikin shirin, yawanci wanda ke hedikwatar mazaɓa, kuma akwai yiwuwar na ɗan majalisarku ba ya ciki. Na biyu, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Shekaru da dama abin da kowane asibiti ya riƙa samu kimanin naira 300,000 ne a wata uku, wato naira 100,000 a wata. Ka auna wannan da abin da ya faru bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya: dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, litar fetur ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, alhali yawancin magungunanmu ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. Kuɗin da a da ke cika kabad da magani ya koma ba ya cika aljihun tebur. Sai kuma jinkiri. Dokar ta shardanta wa jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kason na kashi 25, kuma in jiha ta makara wajen kai bayanan yadda aka kashe na baya, sai a riƙe na gaba, asibitin da ya yi aikinsa daidai ya sha hukuncin laifin da ba nasa ba. A 2023 gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ce za ta ninka yawan asibitocin da ke cikin shirin zuwa sama da 17,000 nan da 2027, ta kuma ƙara abin da ake tura musu. In hakan ya tabbata, ƙofa ce da ya kamata ku nemi shiga tun ana rubuta sunaye.

Ɓangaren inshora kuma, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ce ke rajistar mutane, a ba su kati, a riƙa biyan asibiti wani abu kowane wata a kan kowane mai kati. An fi ba da fifiko ga masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da waɗanda ke cikin rajistar marasa galihu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ma wajabta inshora ga kowa, ta kafa asusun masu rauni. Amma gurbin da kowace mazaɓa ke samu kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da mabuƙata, kuma inda jama'a ba su sa ido ba, katin kan ƙare a gidajen masu uwa a gindin murhu.

Maganar ma'aikacin da ke tafiya da azahar, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Mutum ɗaya ba zai yi awo, ya yi allura, ya cike rajistoci, ya karɓi haihuwa, sannan ya kwana a farke kullum ba. Asibitin da zai buɗe dare da rana yana buƙatar mutanen da za su yi karɓa-karɓa, da ɗakin kwana, da ruwa, da haske, da tsaro, abin da a wasu sassan Katsina da Zamfara da Sakkwato ya zama babbar magana, har an rufe asibitoci saboda 'yan bindiga. An taɓa gwada cike wannan giɓi. A 2009 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, da kuɗin da aka samu daga yafe bashin da ƙasashen Turai da sauransu suka yi wa Najeriya a 2005. Aka ɗauki sababbin da suka gama makaranta da waɗanda suka yi ritaya, aka yi yarjejeniya: tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. A jihohi da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, masaukin ma babu, daga baya na tarayyar ya fara tsallake watanni. Yarinyar da aka ɗauko daga wata jiha mai nisa, ba ta jin Hausa sosai, ba albashi, ba wuta, me zai zaunar da ita? Suka watse. Duk shirin da aka gina a kan cewa hukumomi uku za su cika alkawari lokaci guda, a ƙasar nan, ya ɗauko hanyar rushewa tun daga takarda.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne horar da 'ya'yan garin. Wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka, a yi musu shekarar share fage su gyara sakamakon jarrabawarsu, su shiga makarantun jinya da ungozoma da sharaɗin su koma gida su yi aiki. Wadda iyayenta da mijinta ke garin ba ta neman canjin wurin aiki, kuma mata sun fi sakin jiki da ita. Jiharku na da makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura. Sai dai ko an horar, in jiha ba ta buɗe ɗaukar aiki ba, a 'yan sa-kai za su ƙare. Asibitocin karkara da yawa a yau da irin waɗannan masu takardar shaida marasa albashi suke numfashi. Ga kuma tsohuwar cutar da kowa ya sani: ma'aikata cunkushe a asibitocin cikin gari saboda suna da wanda zai yi musu magana, ƙauye kuwa an bar shi da wanda ba shi da kowa. Wannan ba ta buƙatar sabon kasafi, gwamna mai ƙarfin hali take buƙata.

Tambayarka kan masu foliyo ta yi ma'ana, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Tana cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin rigakafin a Kano da maƙwabtanta a 2003: mutane suka ce ta yaya za a biyo mu har gida da maganin cutar da ba mu roƙa ba, alhali wanda muke roƙo babu? Amsar ita ce kuɗin foliyo jakarsu daban. Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, ƙungiyar Rotary da Gidauniyar Gates da wasu gwamnatoci ne suka haɗa su don manufa ɗaya, kawar da cutar daga doron ƙasa, kuma ba a yarda a karkatar da su zuwa wani abu ba. Suna da motocinsu, da alawus ɗinsu, da masu bin diddigi, da ranar da za a tambayi kowa abin da ya yi. Sun kuma yi nasara, domin a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Zagayen da ake yi yanzu na wani nau'i ne da ke ɓulla inda yara ba su samu cikakken rigakafi ba. Ku ci gaba da ba da yaranku. Abin da aikin foliyo ya nuna shi ne babu ƙauyen da ya yi wa gwamnati nisa in akwai kuɗin da ke zuwa a kan lokaci da wanda za a tuhuma in aiki bai yiwu ba. Haka gidan sauro da maganin zazzaɓin da ake raba wa yara da damina da maganin tarin fuka, mafi yawansu da kuɗin waje ake yin su. Hatsarin hakan ya fito fili a watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, har majalisar dokokin Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe ɓarakar.

Wani zai ce to a mayar da komai kyauta mana. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada. Daga 2006 suka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa duk kyauta ne, asibiti ya yi aiki ya kai wa gwamnati takardar kuɗi ta biya. Mata suka yi tururuwa da yaransu, mace-macen yara ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya. Amma gwamnati ta riƙa makara wajen biya, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, asibitoci suka kasa sake sayen magani, sai aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Mu ma nan jihohi da yawa sun yi shelar magani kyauta ga mata da yara, aka ga irin haka. Kafin wannan akwai tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987, na asusun magani mai juyawa: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan sauƙi, ya sake sayowa da kuɗin. Inda aka riƙe shi da amana yana aiki, domin maganin da ake samu da araha kullum ya fi na kyautar da babu shi. Inda ya mutu kuwa, ko dai an ranci jarin ba a mayar ba, ko an yi shelar kyauta ba a biya asusun ba, ko hauhawar farashi ta cinye shi. Ni dai ina goyon bayan kyauta ga mai ciki da ƙaramin yaro, amma sai in an nuna layin kasafin da zai biya, da watan da za a biya.

To wa za ku tunkara, kuma da me? Ku fara da gano wane asibiti ne a mazaɓarku ke karɓar kuɗin asusun nan, da sunan shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa. Mai unguwa ko dagaci ya san shi. Wannan kwamiti na jama'a ne, ana son a samu malaman addini da mata da matasa da malaman makaranta a cikinsa, kuma yana da hurumin ganin nawa ya shigo da abin da aka yi da shi. Ku nemi kujera a ciki, ku nemi a riƙa liƙa lissafin kowane wata uku a bangon asibiti inda kowa zai gani. In an hana ku bayani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ko da yake jihohi sun sha jayayya kan ko ta hau kansu. Asibitin mazaɓa yana da nauyin fita zuwa ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, don haka ko naku ba ya cikin shirin, kuna iya neman a tsayar muku da ranar awon ciki da rigakafi a kowane mako ko biyu, a kuma sanar a masallaci.

Maganar dare kuwa ba sai kun jira kowa ba. A jihohin Arewa da dama an yi tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda ake horar da wasu direbobi su riƙa ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci a kan kuɗin mai kawai, kuma Jigawa ta daɗe da shirinta na Haihuwa Lafiya mai irin wannan manufa. Gari na iya yin nasa: a san direba biyu ko uku da lambobinsu, a ajiye ɗan asusu a hannun amintacce don mai, a san masu ba da jini tun kafin ranar buƙata. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku tambayi sashen lafiya wanne ne mafi kusa da ku a jerin, don direba ya san inda zai nufa kai tsaye.

In kuma za ku rubuta takarda, ku rubuta wa shugaban Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiha ta hannun shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da sa hannun dagaci da liman da shugabar mata, ku ba ɗan majalisarku na jiha kwafi, ku riƙe wanda aka buga wa hatimin karɓa. Kada ku roƙi sabon gini ko katanga. Ku faɗi yawan mutanen da asibitin ke yi wa hidima, da nisan ku da janar, da yawan matan da suka haihu a gida cikin shekarar, sannan ku nemi abu ƙayyadadde: ƙarin ma'aikaciya mace, jarin magani, da sanya asibitin cikin jerin waɗanda za a ƙara a asusun. In garin zai iya ba ma'aikaciyar ɗaki mai ƙofa da makewayi kusa da gidan dagaci, ku rubuta haka a ciki, domin rashin masauki ne uzurin farko da ake kawowa. Ku kai takardar tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ma'aikatu ke haɗa kasafin shekara mai zuwa; in ta isa bayan gwamna ya gabatar wa majalisa, sai dai ta jira wata shekarar.